Mabuɗin Rumbu a Hannun Wa? Nazarin Ƙagaggun Labarai Biyu a kan Rushewar Al'umma

A cikin watan Maris na shekarar 2025 hukumar zartarwa ta Tarayyar Turai ta shawarci mazauna ƙasashenta da kowane gida ya tanadi ruwan sha da abinci da magani da fitila waɗanda za su ishe shi awa 72, ko da wata masifa za ta faɗo hukuma ta kasa kai ɗauki da wuri. Kwana uku ke nan. Manomin Dakwaro ko na Tanut da ya ji wannan labari a rediyo yana da dalilin yin murmushi, domin shi abin da ya saba lissafawa shi ne watannin nan uku ko huɗu da ke tsakanin ƙarewar tsohon hatsi da nunar sabo. Amma shawarar ba abar raini ba ce. Tana nuna cewa wani tsoro da a da ake jingina wa ƴan tsirarun mutane a Amurka ya shiga ofisoshin gwamnatoci, wato tsoron a wayi gari babu lantarki, babu kanti, babu ɗan sanda, babu kuma wanda za a kai wa ƙara.

Wannan tsoro ya girmi ƙarnin da ake ciki. A shekarar 1961, sa'ad da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke yi wa juna barazana da makaman nukiliya, Shugaba Kennedy ya ƙarfafa batun tanadin maɓoya, magidanta da dama kuma suka haƙa nasu a bayan gida. Nan da nan wata tambaya ta taso: idan ranar ta zo, maƙwabcin da bai haƙa ba ya zo yana buga ƙofa da ƴaƴansa, yaya za a yi da shi? A watan Satumba na shekarar, wani malamin Katolika mai suna L. C. McHugh ya rubuta a mujallar America cewa mai maɓoya yana da haƙƙin korar mai kutse ko da da ƙarfin makami ne. Maganar ta tayar da ƙura ƙwarai. Tun daga lokacin, duk wani zance na shirin tsira, komai yawan lissafin gwangwanaye da jarkokin ruwa da ke cikinsa, a bakin wannan ƙofa yake tsayawa. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Karin maganar bai faɗi abin da za a yi wa mai gemun da ke ci ba.

Ƙagaggun labarai biyu da ake samu cikin Faransanci sun tunkari wannan tambaya, kowanne ta tasa hanya. Na farko shi ne Malevil na Robert Merle, wanda ya fito a 1972. Na biyu kuwa La Parabole du semeur ne na Octavia Butler, Ba'amurkiya baƙar fata, wanda ya fito cikin Ingilishi a 1993. Idan aka jera su aka auna, za a ga cewa darajar kowannensu tana ga yadda ya bi da mayunwacin da ke wajen katanga, da kuma wanda ya danƙa wa mabuɗin abinci. A wannan ma'auni littafin Butler ya fi nauyi, ko da yake Merle ya fi ta iya riƙe mai karatu.

Merle, wanda aka haifa a Tebesa ta ƙasar Aljeriya a 1908 ya rasu a 2004, ya san rushewa da idonsa: yana Dankerk a 1940 lokacin da rundunar Faransa ta watse, ya kuma yi zaman fursunan yaƙi. Labarin wannan watsewa ne ya ba shi lambar Goncourt a 1949. A Malevil ya ɗauki wani ƙauye na kudu maso yammacin Faransa a lokacin bikin Ista na 1977. Emmanuel Comte, tsohon malamin makaranta da ya koma noma da kiwon dawaki, yana cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wata tsohuwar fada da ya mallaka, shi da mutum shida, suna ɗura giyar inabi a kwalabe, sai duniya ta kama da wuta. Da suka fito, itatuwa sun zama gawayi, iyalan abokansa sun zama toka. Abin da ya tsira shi ne abin da dutse ya kare: ƴan dabbobi a cikin kogo, hatsin da ke ajiye, da bindigogin farauta.

Kyawun littafin yana cikin rabinsa na farko, inda marubucin ya zauna ya yi lissafi irin na mai gida. Saniya ɗaya za ta shayar da mutum nawa? Alkama nawa za a ci, nawa za a bari iri? Wa ya iya huɗa da doki yanzu da injin noma ya zama gumki? A nan ne tsohuwa La Menou, baiwar Allah ƴar ƙarama mai kaifin baki da ke yi wa Emmanuel aikin gida, ta zama ginshiƙi, domin ita ce ba ta manta da yadda ake rayuwa kafin zuwan lantarki ba. Haka kuma shafukan da ake jiran ruwan sama, ana tsoron kada ya zo da guba, ana kuma tsoron kada ya ƙi zuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa a gona yana duban gabas a farkon damina zai gane su ba sai an yi masa fassara ba.

Sai dai a lura da abu guda: mutanen Malevil ba su shirya komai ba. Dukiya da sa'a ne suka cece su. Wanda ya mallaki fada mai kauri a gindin dutse ya rayu, wanda ke zaune a gidan haya ya ƙone. Merle bai ɓoye wannan ba, amma bai tsaya a kansa ba, kuma illar hakan ta fito fili a babin da ya fi kowanne nauyi. Bayan wahala mai yawa alkamar da suka shuka ta tsiro ta fara fitar da kai. Wata safiya sai ga ayarin mutane tsirara-tsirara, ƙashi da fata, sun faɗa gonar suna cin ɗanyar alkama kamar dabbobi. Emmanuel ya ɗaga bindiga ya kasa harbi. Momo, ɗan La Menou mai taɓin hankali, ya ruga cikinsu don ya kore su, aka soke shi ya mutu. Daga nan mutanen fada suka buɗe wuta har sai da ba wanda ya saura.

Ba za a ce Merle ya yi murna da wannan kisa ba. Ya bar ɗacinsa a bakin mai ba da labari. Amma dubi yadda ya tsara abin. Mayunwatan ba su da suna, ba su da ƙauyen da suka fito, ba wanda ya buɗe baki ya yi magana a cikinsu. Sannan marubucin ya sa sun fara zubar da jinin wanda mai karatu ya fi tausayi, ta yadda in harsashi ya tashi zuciyar mai karatu ta riga ta ba da izini. Wannan dabara ce ta gwanin mai ba da labari, kuma ita ce babbar rashin gaskiyar littafin. Wanda kakarsa ta ba shi labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, ko wanda ya ga mutanen arewa sun sauko garuruwa a 1973 da 1984 bayan dabbobinsu sun ƙare, ya san cewa masu tonon gidan tururuwa don neman ƙwayar hatsi mutane ne masu asali, wasunsu ma masu garke ne a bara. Irin wannan mai karatu ba lalle ne ya ga kansa a bayan bindiga ba. Yana iya ganin kansa cikin gonar.

Inda Merle ya yi zurfin gani shi ne labarin garin La Roque, maƙwabcin Malevil, inda wani mayaudari mai suna Fulbert ya yi shigar limamin coci ya karɓe mulki. Bai yi haka da yawan mayaƙa ba. Ya tattara abinci da makamai a wuri ɗaya, ya riƙe mabuɗi, ya mai da rabon abinci ladan biyayya, ya kuma mai da ikirarin zunubi hanyar leƙen asirin jama'a. Tarihin Nijar yana da abin da zai ce a nan. Bayan yunwar 1931 mulkin mallaka ya tilasta wa talakawa zuba hatsi a rumbunan tsimi, abin da a takarda hikima ce tsantsa, amma manoma suka ƙi jininsa, don hatsin nasu ne mabuɗin kuwa na hukuma, suka ɗauke shi wani sabon haraji. Haka nan zargin karkatar da taimakon abinci yana cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974 da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani. Fulbert ba baƙo ba ne ga wannan yanki.

Game da mata kuwa, littafin ya tsufa mummunan tsufa. Miette, budurwar da aka kawo fadar, bebiya ce, kuma an tsara labarin yadda za ta zama ta kowa cikin yardar rai. Marubucin da ya hana mayunwata magana ya hana mace ta farko mai ƙuruciya magana. A ƙarshe Emmanuel, wanda ya ci Fulbert da ƴan fashin Vilmain da yaƙi, kumburin ɗan hanjin nan da likitoci ke kira apandisit ne ya kashe shi, ciwon da ƙaramin asibiti ke rabuwa da shi cikin awa guda. Magadansa kuma suka yanke shawarar komawa ƙera harsashi.

Butler ta ɗauki wata hanya dabam tun daga tushe. A littafinta babu bam, babu rana ɗaya da za a ce ita ce ranar rushewa. Labarin ya fara ranar 20 ga Yuli 2024, ranar da Lauren Olamina ta cika shekara 15, a Robledo kusa da Los Anjalas ta jihar Kalifoniya, kuma an zuba shi ne a matsayin littafin da yarinyar ke rubuta abin da ya faru kullum. Ana zaɓen shugaban ƙasa. Akwai ƴan sanda, sai dai sai an biya su kafin su zo, in sun zo ma ba a tsira daga hannunsu ba. Akwai ƴan kwana-kwana, su ma da kuɗi. Ruwan sha ya fi man fetur tsada. Manyan kantuna a buɗe suke, cike da kaya, masu gadi da bindiga a ƙofa. Unguwar su Lauren ƴan gidaje ne da suka kewaye kansu da katanga, ƙarƙashin jagorancin mahaifinta, limamin cocin Baptis kuma malamin jami'a. A waje akwai marasa gida, da masu shan wata ƙwaya da ke sa mutum jin daɗin kallon gobara.

Wannan shi ne abu na farko da Butler ta fi Merle gani, kuma shekarar 2005 ta gaskata ta a nan Nijar. A waccan shekara kasuwannin jihar Maraɗi ba su rasa hatsi ba. Buhun hatsi ne ya kai jika 30 a wasu kasuwanni a tsakiyar damina, kuɗin tunkiya da akuya kuma ya faɗi, sai talaka ya tsaya yana kallon tiya a gaban ɗan kasuwa ba shi da abin saye. Ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a ƙasar a shekarar, kaso mafi tsoka kuwa a jihar da ake kira rumbun ƙasa. Ofisoshi suna aiki, motoci suna zirga-zirga, mahukunta suna gardama a kan ko kalmar yunwa ta dace. Al'umma takan rushe wa wasu ta bar wasu, a gari ɗaya, a rana ɗaya. Litattafan shirin tsira da ke jiran ƙarar bam ba su da idon ganin wannan, Butler kuwa da shi ta fara. Labarin Emery Solis, wadda ta yi aiki a gonar wani kamfani ana biyanta da takardar da ba ta da amfani sai a kantin kamfanin, bashi ya yi ta hawa har aka ƙwace ƴaƴanta maza, ɗan'uwan abin nan ne da manoma ke kira a-ci-ba-daɗi, inda ake cin tiya ɗaya da damina a biya da ninki da kaka.

Lauren ita ce mai shiri na gaskiya a cikin litattafan biyu. Ta tabbata a ranta cewa katangar za ta faɗi, sai ta haɗa ƙunshin gudu: ƴan kuɗi, gorar ruwa, ashana, tufafi, busasshen abinci, taswira, irin shuka, da takardun rubutunta. Ta karance litattafan mahaifinta a kan tsirran daji da yadda mutanen asalin Kalifoniya ke amfani da su. Da ta buɗe wa ƙawarta Joanne cikinta, sai ƙawar ta tsorata ta kai ƙara gida, magana ta koma kunnen liman. Hirar uba da ƴa da ta biyo baya tana cikin mafi kyawun shafukan littafin, kuma malaman makaranta za su fi kowa jin ta. Uban bai ce ƴarsa ta yi ƙarya ba. Ya nuna mata cewa wanda aka firgita yakan toshe kunne, don haka gara a koyar da mutane abin da za su iya yi ba tare da an ambaci ƙarshen duniya ba. Ƙunshin gudun ma a ce na girgizar ƙasa ne. Butler ba ta yanke hukunci tsakaninsu ba. Hanyar uban ta riƙe unguwar shekaru, amma ranar da aka fasa ƙofa a watan Yuli na 2027, ƴar ce kaɗai ke da ƙunshi a hannu.

To amma me ƙunshin ya yi mata? A nan ne littafin ya rabu da dukan adabin masu tara gwangwani. Abincin ya ƙare cikin ƴan kwanaki. Kuɗin da iyalin suka binne a gindin itacen lemo sun taimaka, bindiga ma ta taimaka, Butler ba ta yi musun wannan ba. Sai dai abin da ya raya Lauren a makonnin farko shi ne Zahra Moss, matar da ƴan unguwa ke yi wa kallon banza, wadda mijinta ya saye ta daga hannun uwarta a kan titi ya ƙara ta cikin matansa. Zahra ta girma a waje. Ta san inda ake kwana da inda ba a kwana, ta san wanda za a kalla da wanda za a kauce wa idonsa. Wato ilimin da ya fi amfani yana wurin wadda ta fito daga cikin mutanen da aka gina katangar dominsu. Abin da Merle ya hana ayarin gonar alkama, Butler ta ba Zahra: suna, tarihi, da baki.

Akwai wani ƙaramin abu da mai karatu na Turai zai wuce, na Sahel kuwa zai tsaya. Mutanen Robledo suna yin burodi da garin ƴaƴan itacen da Faransawa ke kira chêne, ƴaƴan da ba su ciwuwa sai an jiƙa su an fitar da ɗacinsu, kuma daga littafi mahaifin Lauren ya koyi yadda ake yi. Wannan ai anza ce. Matan Damargu da Adar sun san yadda ake jiƙa dilo kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, kamar yadda suka san jiga da tafasa da ƙwayar ƙarangiya, ba daga littafi ba. Abin takaici shi ne wannan sani ya daɗe yana ɗauke da tambarin kunya, abincin shekarar wahala da ba a so baƙo ya gani a tukunya, har ƴan boko suka taso ba su iya ba. Abin da yarinyar Kalifoniya ke tonowa daga shafukan littafi kamar zinariya, a nan yana bakin tsofaffi yana jiran mai tambaya.

Karatu da rubutu ma Butler ta sa su cikin kayan tsira, ba don ta faranta wa malamai ba. Keith, ƙanen Lauren da ya tsallake katanga ya shiga cikin ɓarayi, abin da ya sa suka karɓe shi shi ne ya iya karanta musu takardun bayanin na'urorin da suka sato; ilimi bai hana shi mummunan ƙarshe ba, amma ya zama haja. Travis, wanda suka haɗu da shi a hanya, uwarsa kuku ce a gidan wani mai kuɗi, tana sato masa litattafai ɗaya-ɗaya tana mayarwa. Lauren kuma tana koya wa Zahra baƙaƙe a wurin hutu, tana kuma tunanin cewa ko ba komai za ta iya cin abinci da karanta wa mutane takarda. Ƙunshi yana ƙarewa, ana kuma iya ƙwace shi a kan hanya, shi ya sa marubuciyar ta fi ba da ƙarfi ga abin da ke cikin kai.

Dabara mafi ƙarfi a littafin ita ce cutar da aka haifi Lauren da ita sakamakon wata ƙwaya da uwarta ta sha: duk zafin da ta ga wani yana ji, ita ma sai ta ji shi a jikinta. Mai karatu zai zaci wannan zai mai da ita mai taushin hali. Butler ta fi haka wayo. Tun da mai rauni yana sa ta faɗi ƙasa, matacce kuwa ba ya jin komai, sai cutar ta tilasta mata ƙarasa wanda ta raunata. Saboda haka Lauren tana kisa kamar yadda Emmanuel ya yi, amma babu kisan da ya zo mata kyauta, kuma marubuciyar ba ta shirya wa mai karatu wani Momo da zai wanke masa zuciya ba. A hanyar arewa ayarin yana ƙaruwa da mutanen da hankalin mai tsira zai ce a bar su: mata biyu da aka zaƙulo daga ƙarƙashin gini bayan girgizar ƙasa, maraya ɗan ƙarami, bayin da suka gudo. Kowane sabon baki yana rage abinci, yana kuma ƙara idon da zai yi gadi da dare. Lauren tana yin wannan lissafi a fili, ba ta fake da tausayi ba. Mutanen ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa da suka buɗe gidajensu a 2019 ga dubban masu gudun ƴan bindiga daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, tun kafin ƙungiyoyin agaji su kafa komai, sun san nauyin irin wannan lissafi fiye da kowane marubuci.

Duk da haka littafin yana da nasa raunin, kuma ba ƙarami ba ne. Lauren tana ƙirƙiro wani addini nata da ke ɗaukar sauyi a matsayin abin bauta, kowane babi kuma yana buɗewa da baitocinsa. Ko an ajiye maganar aƙida gefe, wadda mafi yawan masu karatu a nan ba za su karɓa ba, baitocin ba su da daɗin da zai sa a yarda cewa manya masu hankali za su bi yarinya ƴar shekara 18 saboda su. Abokan tafiyarta suna yin gardama kaɗan su sallama da wuri. Burin da ta ɗora wa addinin, na cewa ɗan Adam zai yi ƙaura zuwa taurari, bai zauna daidai a bakin mutanen da ke ƙirga kuɗin ruwan sha ba. Soyayyarta da Bankole, likita mai shekara 57, an wuce ta da sauƙin da bai kamata ba. Mafi girma kuma, ƙarshen tafiyar ya dogara ne ga sa'a irin ta Malevil: sai ga shi wannan likita yana da fili mai faɗi da rijiya a arewacin jihar, da takardunsa. Mutum 13 suka isa, suka tarar an ƙone gidan an kashe ƴar'uwarsa da iyalinta, suka shuka itatuwa don tunawa da matattunsu, suka zauna. Ba don filin Bankole ba, irin da Lauren ta ɗauko tun daga Robledo da ya ƙare a tukunya. Tambayar wanda ba shi da gona, wadda ita ce tambayar kudancin Maraɗi inda gonaki suka tsattsage har mata suka fara rasa gamanarsu, littafin ya kauce mata.

Akwai kuma wata katanga da marubutan biyu ba su leƙa bayanta sosai ba, ita ce ta cikin gida. Rahotannin 2005 sun ambaci ƙauyukan da magidanta suka kulle rumbu suka tafi bida, suka bar mata da yara da ganye da dusa, don a adana hatsin gandu har lokacin noma. A idon mai gida wannan tsimi ne, kuma yana da hujjarsa, domin in babu abin ci a watan huɗa babu amfanin baɗi. A idon yaron da ke bakin rumbun kuwa, babu bambanci tsakaninsa da maƙwabcin da ke buga ƙofar maɓoya a 1961. Butler ta matso kusa da wannan ta hanyar gidan Richard Moss da matansa, amma ta wuce da sauri. Marubucin Hausa da zai ɗauki wannan jigo yana da fili a buɗe, ba ya kuma bukatar aron bam daga kowa.

Butler ta rasu a 2006, ba ta ga littafinta ya shiga jerin waɗanda aka fi saye a Amurka a 2020 ba, lokacin annobar korona, ba ta kuma ga gobarar Janairun 2025 da ta cinye babban ɓangare na garin Altadena inda kabarinta yake ba. Masu cewa ta yi duba sun rage mata daraja, don ita da kanta ta sha bayyana cewa abin da ke gabanta ta kalla ta miƙa shi gaba. Shaidar cewa ba ta yaudari kanta da mafakar da ta gina ba tana cikin littafi na biyu, La Parabole des talents, na 1998. A can, ƴan shekaru bayan kafa ƙauyen, mabiyan wani shugaban ƙasa mai wa'azin tsarkake Amurka suka zo da motocin yaƙi suka mamaye shi cikin yini ɗaya, suka mai da shi sansanin bayi, suka raba yara da iyayensu, Bankole ya mutu. Da waɗanda suka saura suka kuɓuta, kayan da suka ɓoye a cikin duwatsu tun da wuri ne suka ba su guzurin ƴan kwanaki, sannan suka rarrabu. Lauren ba ta sake gina katanga ba. Ta koma tafiya a ƙasa tana bi gida-gida, tana yin aikin yini a ba ta abinci da wurin kwana, tana koyar da wanda ya yarda ya saurara.